Tsuguno 300 Kullum, Amma Tsalle Ya Ƙi Ƙaruwa

Assalamu alaikum Koci. Shekaruna 19, ina buga ƙwallon raga a Zariya. Tsawona mita 1.78, nauyina kilo 68. Matsalata tsalle ce. In na tashi zan buga, da ƙyar hannuna ke wuce raga, sai masu tarewa su mayar mini da ƙwallon a fuska. Wata uku ke nan kullum bayan sallar asuba ina yin tsuguno da tashi sau 300, in bi da tsallen kwaɗo a kan simintin tsakar gidanmu har sai ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ban ga abin da ya ƙaru ba, sai ma wani ciwo da ya fito mini a ƙasan ƙoƙon gwiwar dama, musamman in zan sauko daga bene ko na daɗe a zaune. Abokina ya ce in sayi garin nan da 'yan ɗaga ƙarfe ke sha. Babana kuma ya ce kada ya kuskura ya ji na ɗora ƙarfe a wuya, wai yana kashe gwiwa. Saura wata biyu a zaɓi waɗanda za a tafi da su gasa. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Gobe in ka dawo daga masallaci, ka koma ka kwanta. Tsugunon nan 300 da tsallen kwaɗo sun ƙare daga yau. Na san ba daɗin ji, domin yaron da zai jure wata uku yana wannan wahala ba raggo ba ne. Amma aikin ya zama na baban giwa, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga gwiwarka.

Jiki abin da ka saba masa shi yake ƙwarewa a kai. Duk motsin da za ka iya maimaitawa sau 300 a jere, to kowane ɗaya daga cikinsu bai yi wa cinyarka nauyi ba. Abin da ka koya mata shi ne juriya, irin ta mai tura kurar ruwa daga safe har la'asar. Juriya abu ce mai kyau, sai dai ba ita ke ɗaga mutum sama ba. Tsalle bugu ɗaya ne. Daga lokacin da ka fara tura ƙasa zuwa lokacin da yatsunka suka rabu da ita, bai wuce kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa ba, in da gudu ka zo ma bai kai haka ba. Da zarar ƙafa ta bar ƙasa, magana ta ƙare, babu abin da za ka iya ƙarawa a iska. Tsawon da za ka kai ya dogara kacokan a kan saurin da ka tashi da shi. Wanda zai ɗaga jikinsa santimita 50 sai ya bar ƙasa da gudun kusan mita 3.1 a daƙiƙa, mai neman santimita 60 kuma kusan mita 3.4. Ka ga tazarar ba ta da yawa a takarda, amma samun ta na buƙatar abu biyu: ƙafafu masu ƙarfin da ya fi nauyin jikinka nesa ba kusa ba, da kuma iya zazzage wannan ƙarfin cikin ƙiftawar ido. Tirela ta fi babur ƙarfi, amma in danja ta saki hanya, ɗan acaɓa ya kai kwana kafin ta gama nishi. Kai kana buƙatar injin tirela da tashin babur, kuma a halin yanzu atisayenka bai ba ka ko ɗaya ba.

Shi kuwa tsallen kwaɗo, ka tuna inda muka san shi. Horo ne da ake ba ɗan makarantar da ya makara. Ba a ƙirƙire shi don gina ɗan wasa ba. Yin sa a gajiye, a kan siminti, kullum babu hutu, shi ne gajeriyar hanyar zuwa inda gwiwarka take yanzu.

Bari mu tsaya a kan gwiwar, don ita ce gaba da komai. Ban gan ka ba, ban taɓa wurin ba, saboda haka ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Amma yadda ka kwatanta, ciwo a daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa da ke tashi wajen saukowa bene da bayan dogon zama, ya yi kama da ciwon da ya addabi 'yan ƙwallon raga da na kwando har likitoci suka sa masa suna ciwon gwiwar masu tsalle. Akwai wata kakkaurar jijiya da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. Duk dirar da ka yi, ita ke karɓar nauyin. Tsoka tana saurin sabawa da sabon aiki, jijiya kuwa sai a hankali, cikin watanni. In ka ɗora mata fiye da abin da za ta iya gyarawa kafin gobe, sai ta fara ƙorafi. Ka je sashen fisiyo, wato masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, na asibitin koyarwa da ke Shika a duba ka, tunda kusa da kai yake. In kuwa gwiwar na kumbura, ko tana sarƙewa, ko takan saki da kai kamar za ka faɗi, ko ciwon na tashe ka da dare, to kada ka yi komai cikin abin da zan faɗa sai likita ya gan ka. Ba karaya ba ce balle a kai ka wurin mai ɗori, kuma ƙaho ko tsaga ba su da abin da za su yi wa jijiya.

In an tabbatar jijiyar ce, maganinta ba kwanciya gaba ɗaya ba ne. Jijiyar da aka bari ba aiki rauni take ƙarawa, ranar da ka koma fili ciwon ya dawo yana jiranka. Abin da ake yi shi ne a rage tsalle sosai na mako biyu zuwa uku, a ba ta nauyi mai tafiya a hankali. Ka jingina bayanka da bango, ka sulale ƙasa kamar mai zama a kujerar da babu ita, ka tsaya inda kake jin cinya na aiki amma ciwon bai wuce na jurewa ba. Ka riƙe daƙiƙa 45, ka huta minti biyu, ka yi haka sau biyar. Alƙalinka shi ne washegari da safe. In ciwon bai fi na jiya ba, ka ci gaba. In ya ƙaru, ka yi yawa, rage. Kuma kada ka sha ƙwayar kashe ciwo don ka samu ka buga wasa. Na ga yara da yawa sun fara da hakan, daga baya suka zarce zuwa tiramadol, aka rasa gwiwar aka rasa yaron.

Kafin ka fara sabon atisaye, ka auna kanka. Ka ce ba ka ga abin da ya ƙaru ba, amma na tabbata ba ka taɓa aunawa ba. Ka shafa alli a kan yatsunka, ka tsaya gefen bango, ka miƙa hannu iya miƙewa ba tare da ɗaga dunduniya ba, ka taɓa. Sannan ka yi tsalle daga tsaye ka sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce tsallenka. Gwada sau uku, rubuta mafi kyau. Wannan gwajin wani likitan motsa jiki na jami'ar Habad a Amurka, Dudley Sargent, ya fito da shi tun 1921, kuma har yau kociyoyi na amfani da shi domin ba ya cin ko kwabo. Ragar maza tana kan mita 2.43. Da ka san inda hannunka ke kaiwa a tsaye da inda yake kaiwa a tsalle, ka san ainihin santimita nawa kake nema, ka daina faɗa da inuwa. Ka jira sai gwiwar ta lafa kafin ka yi gwajin.

Yanzu maganar Baba. Allah ya ƙara masa lafiya, tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba. A 1961 wani malami a jami'ar Tekzas mai suna Karl Klein ya wallafa binciken da ya ce tsuguno mai zurfi yana sassauta jijiyoyin gwiwa. Maganar ta bazu har makarantu da kociyoyi da yawa a Amurka suka hana yara yin sa. Waɗanda suka zo bayansa suka sake gwadawa ba su samu abin da ya samu ba, amma ka san jita-jita ta fi gyara saurin tafiya. Ni abin da ke ba ni dariya shi ne mu a nan a tsugune muka tashi. A tsugune muke alwala, a tsugune ake gaida manya, a tsugune iyayenmu mata ke wanke-wanke. Abin da Bature ke biyan kuɗi a koya masa, kai ka same shi tun kana rarrafe. Abin da ke lalata gwiwa shi ne ɗora nauyin da ba ka kai ba, da muguwar tsayuwa, da rashin hutu. Ka lura kuma, taka gwiwar ba ƙarfe ne ya taɓa ta ba. Har akwai binciken da aka yi a Jamus a 2012 da ya kwatanta masu tsuguno mai zurfi da masu ɗan rusunawa kaɗan da nauyi mai yawa, aka ga masu zurfin ne tsallensu ya ƙaru.

To ga yadda tsugunon da nake nufi yake. Nauyi ne wanda za ka iya tashi da shi sau biyar ko shida da kyau, kana jin da saura ɗaya ko biyu a jikinka, sai ka ajiye. Ka huta minti uku cur, ka sake. Zubi uku zuwa biyar ya isa. Sau biyu a mako, da tazarar aƙalla kwana biyu a tsakani. Za ka ji kamar ba ka yi komai ba, tunda ka saba sai ƙafa ta mutu. Wannan jin shi ne daidai. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, yatsu su ɗan kalli waje. Ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi kamar mai jiran naushi. Sauka a hankali har cinya ta kwanta daidai da ƙasa ko ta ɗan wuce, dunduniya na manne da ƙasa, gwiwa na bin inda yatsu suka kalla. Kada ka bar gwiwoyi su faɗa ciki kamar za su gaisa, wannan shi ne kuskuren da na fi yi wa yara tsawa a kai. Gadon baya ya tsaya, kada ya lanƙwashe. Sai tashin, wanda nan ne sirrin yake: ko da ƙarfen a hankali yake tafiya, kai a zuciyarka ka tura shi da niyyar jefa shi ta rufin ɗaki. Wannan niyyar ce ke koya wa ƙwaƙwalwa ta kira zaruruwan tsoka masu sauri gaba ɗaya a lokaci guda, waɗanda tsuguno 300 bai taɓa tashin su daga barci ba.

Kowane mako ka ƙara kaɗan, kilo biyu ko biyu da rabi. Ma'aunin da kociyoyi suka saba bi shi ne mai tsalle ya iya tsugunawa da nauyin jikinsa sau ɗaya da rabi. A wurinka hakan ya kama kilo 100 da ɗan ɗoriya. Ba aikin wata biyu ba ne, yana iya cin shekara ko fiye. Amma ribar tana fara fitowa tun a hanya, ba sai ka isa ba.

Na san yadda yawancin wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa suke: sandar ƙarfe da siminti da aka zuba a bokitin fenti, ko tsofaffin kayan mota. Babu laifi, sun gina mazaje. Abu biyu kawai zan roƙe ka. Kada ka tsuguna da ƙarfe a wuya sai da mutum biyu a gefe masu iya karɓa in ka kasa tashi, kuma kada ka shiga gasar nuna isa da wanda ya shekara biyar a wurin. In ma babu ƙarfen, ko Baba bai sauko ba tukuna, ga jarka. Mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce, ka rungume ta a ƙirji ka tsuguna. In ta yi maka sauƙi, ka koma ƙafa ɗaya: ɗora ƙafar baya a kan benci, ta gaba ta yi aikin, sau shida zuwa takwas kowane ɓangare. Duk wanda ya raina wannan bai gwada ba. Ka haɗa da ɗaga dunduniya a bakin matakala da nauyi a hannu don sha-raɓa, da kuma ɗaukar nauyi daga ƙasa kana tura ƙugu baya, don ɗuwawu da bayan cinya. Mutane na zaton cinya kaɗai ke tsalle, alhali ƙugu ne babban inji.

Sai sauri, wanda ba za ka fara ba sai gwiwa ta yi shiru na aƙalla mako biyu. In ka lura, mutum ya fi tashi sama in ya ɗan nutsa ƙasa da sauri sannan ya tashi, fiye da in ya tsuguna ya tsaya ya jira. Dalili shi ne tsoka da jijiya kamar robar gwafa suke. In ka ja ka saki nan take, dutse ya tafi. Jikin mutum kuwa in ya daɗe a ƙasa, abin da ya tara ya zube. Wani kocin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya gina atisaye a kan wannan a shekarun 1960: ɗan wasa ya faɗo daga kan akwati, yana taɓa ƙasa ya tashi sama. Nasa 'yan wasan sukan faɗo daga tsayin santimita 75 ko fiye, amma ƙwararru ne da suka shekara suna ɗaga ƙarfe. Yaran yanzu na ganin bidiyon a waya su hau katanga su diro. Kai wannan ba naka ba ne a bana. Naka shi ne ka fara koyon dira: ka yi tsalle ka sauka a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe su shanye nauyin, ba ƙara, kamar kyanwa. In na tsakar gida sun ji dirarka, ba ka iya ba tukuna. Daga nan sai tsalle zuwa kan dakali ko akwati mai ƙarfi, ka sauko da ƙafa a hankali, domin hawan ba ya cutar gwiwa kamar dirar. Sai tsalle daga tsuguno da jikinka kawai ko da nauyi kaɗan. Kowane zubi sau uku zuwa biyar, kowane tsalle da iyakar ƙarfinka, jimla kada ta wuce 20 zuwa 30 a rana a farkon lamari. Ka yi su a farkon atisaye bayan ka ɗumama jiki, ba a ƙarshe ba. Da ka ji tsallen ya fara raguwa, ka tsaya, domin daga nan kuma jinkiri kake koya wa jiki. A kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, ba siminti ba.

Wani lokaci nakan ce da yaran da suka taso suna langa a dandali da farin wata sun san irin jarin da suka tara a idon sawu, da sun gode wa unguwarsu. In gwiwa ta warke, 'yar langa kaɗan a kan yashi ba za ta ɓaci ba.

Akwai kuma santimitocin da ke zube a ƙasa, ba sa buƙatar ƙarfe ko kaɗan. Wurgin hannu shi kaɗai yana ƙara wa tsalle kusan kashi goma cikin ɗari ko fiye. Yawancin masu bugu da nake gani suna zuwa raga da gudu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, hannuwa na reto a gefe. Takun ya kamata ya fara a hankali ya ƙare da sauri, na kusa da ƙarshe ya zama dogo kuma ƙasa-ƙasa, hannuwa biyu su koma can baya, sannan na ƙarshe ya zo gajere ya dasa ƙafa, hannuwa su yi sama tare da jiki. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe. Abin da za ka gani zai ba ka kunya, kuma zai fi maganata amfani. Cikin wata biyun da ya rage maka, nan ne ka fi saurin samun riba.

Garin abokinka fa? Mai kyau daga ciki furotin ne da aka tace daga madara, ba sihiri ba ne, kuma kasuwa cike take da gwangwanayen da ba ka san abin da aka zuba ciki ba. Mai nauyinka da ke ɗaga ƙarfe na buƙatar furotin wajen giram 110 a rana, wato kusan giram 1.6 kan kowane kilo na jiki. Ƙwai ɗaya na da kusan giram shida. Ka haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo, kifi, da nama in ya samu, ka ci tuwonka ka ƙoshi. Kuɗin gwangwani ɗaya zai saya maka ƙwai na makonni. Allurar ƙara tsoka kuwa ko da wasa kada ka bari a kusanto ka da ita. Barci awa takwas ya fi su duka, domin a kan katifa jiki ke gina abin da ka nema a fili.

Ka tambaye ni game da zaɓen, ba zan yi maka daɗin baki ba. Mako biyu zuwa uku na farko na gwiwa ne. Abin da ya rage bai isa ya mayar da kai wani mutum daban ba. In ka samu 'yan santimitoci daga hutun da ƙafafunka suka daɗe suna nema da gyaran taku, ka gode wa Allah, kuma sau da yawa hutun kaɗai kan fito da tsallen da gajiya ta danne. Kwana biyar kafin ranar, ka ajiye nauyi gaba ɗaya. In an ɗauke ka, madalla. In ba a ɗauke ka ba, shekararka 19, akwai wani zaɓen baɗi, kuma gara ka je shi da gwiwa biyu. Kada kuma tsawonka ya karya maka zuciya. Spud Webb, wanda tsawonsa bai wuce mita 1.70 ba, shi ya cinye gasar zura ƙwallo ta sama ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1986, a kwandon da ke kan mita 3.05. Ba na ce kowa zai zama shi ba, akwai rabon da ake haihuwar mutum da shi, amma kai ko kusa da iyakar naka rabon ba ka je ba.

Shi kuwa Baba, kada ka yi masa gardama, kada kuma ka riƙa zuwa a ɓoye. Ka roƙe shi ya raka ka Shika ranar da za a duba gwiwar, ka yi wa ma'aikacin fisiyo tambayar ƙarfen a gabansa. Daga bakin mai farar riga zai fi karɓa. Kafin nan jarka ta ishe ka. Bayan mako shida ka sake rubuto mini da lamba uku: tazarar alli a bango ranar farko, tazararta a ranar, da nauyin da kake tsugunawa da shi sau biyar. Ka gaishe mini da Baba.